Ranar da Aka Yi wa Ƙoran Baba Tanko Kwalliya

Akwai ranar da ko na so in manta da ita ba za ta yarda ba, ita ce ranar da na dawo daga Rogo Ruma na tarar an shanya ƙorai a farfajiyar ofishinmu suna ta ƙyalli. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana tsokanata da maganar, kuna taya su dariya alhali ba ku san tushenta ba. Gara ku ji daga bakina, don labarin da yake yawo a ofis an cire masa ɓangaren da ya fi ci mini rai.

A lokacin ni ne jami'in fita karkara. Ofishinmu ɗan ƙarami ne, aikinsa raya sana'o'in gargajiya a yankin Ƙaraye da Rogo: masaƙa, maƙera, majema, masu ginin tukwane da sauransu. Akwai darakta a sama, sai mataimakinsa, sai ni, sai masinja da direba da maigadi. Su nasu zaman ofis ne da karɓar baƙi. Ni nawa hawa babur ne, in shiga ƙauyuka da rugage in san wa yake yin me, wa ya tsufa, wace sana'a ce take shirin mutuwa.

Daraktanmu na lokacin, Alhaji Mamuda, mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ya cin haƙƙin na ƙasa da shi, kuma idan matarka ta haihu shi ne farkon zuwa barka. Cutarsa ɗaya ce, baƙo. Da zarar an ce wani zai zo daga nesa, duk abin da ba ya motsi a ofishin nan sai an shafa masa farar ƙasa ko fenti: duwatsun bakin hanya, gindin darbejiya, randar ruwa, har turken da nake jingine babur. Mukan tsokani maigadi cewa ya riƙa ɗan motsawa, kada a haɗa da shi. A wurin Alhaji, babu abin da ya kai a fita kunyar baƙo muhimmanci, kuma ba shi kaɗai ba ne, haka aka tashe mu duka.

Da kaka, bayan an cire gyaɗa, wata mata ta zo mana, Malama Rabi. Bahaushiya ce, amma a wani gidan tarihi take aiki a Turai. Aikinta tsara nuni, wato ita take zaɓar abubuwan da za a baje wa jama'a su kalla, ta yanke inda za a ajiye kowanne, da abin da za a rubuta a gefensa. Ta ce nunin da take shiryawa na abubuwan da suka lalace ne aka gyara su. Za a kawo riguna masu faci daga wata ƙasa, tangaran da ya fashe aka liƙe daga wata, komar masunta da aka ɗinke daga wata. Idan an buɗe shi a can zai yi watanni, sannan a ɗauke shi zuwa wasu manyan birane. Ta nuna mini a wayarta irin nune-nunen da ake yi a gidajen tarihin duniya, da waɗanda ake shirin buɗewa, mutane sun yi layi a cikin sanyi don su kalli tsohuwar tabarma. Na kalla na ce a raina, lallai wasu ba su da aikin yi.

Daga wurinmu ɗinkakkun ƙorai take so. Da ta faɗi haka mutum ɗaya ne ya faɗo mini, Baba Tanko na Kurugu.

Baba Tanko gyartai ne. Ga waɗanda suka tashi a zamanin roba, gyartai shi ne mai ɗinke ƙwarya idan ta tsage. Yana huda ƙananan ƙofofi a gefe da gefen tsagar, ya bi da zare ya ɗaure ta tam, yadda ko nono aka zuba ba zai ɗiga ba. Sana'a ce da ba a taɓa ɗaukar mai ita a bakin komai ba. Ba a tuna shi sai abu ya fashe, a zaunar da shi a ƙofar gida, idan ya gama a sallame shi da ɗan hatsi ko sauran fura. A iya sanina shi kaɗai ya rage yana yin ta a duk yankinmu, shi ma sai ya yi sati bai ga aiki ba.

Da muka isa mun same shi a gindin bishiya yana gyaran igiyar guga. Bayan doguwar gaisuwa na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko rigakafi muka zo yi. Na sake bayani. Ya ce shi ai ba shi da ƙwarya ko ɗaya, aikinsa yana ɗakunan matan mutane. Sai muka ɗauke shi a motar ofis muka riƙa bi gida gida, daga ƙauyukan Kurugu har rugagen da ke wajen Zoza, yana tuna mana wadda ya taɓa yi wa ɗinki.

A nan na fara ganin abin da zan sha. Duk gidan da muka shiga muka ce muna son ganin ƙwarya, sai matar gidan ta fito da sabuwa fil, wadda take ajiye saboda biki. In na ce ba ita ba, tsohuwar da aka ɗinke muke so, sai fuska ta canja. Wata ta tambaye ni ko wani ne ya ce mana ba ta da ƙwaryar kirki. Wata ta rantse ta daɗe da yar da tata, alhali ina hango ta a kife a kan danga. Na yi ta lallashi kamar mai neman aure, kafin a hankali suka fara fito da su, suna miƙowa suna kau da kai.

A wata ruga kusa da Zoza muka sami wadda ta fi duka. Ta wata dattijuwa ce, Goggo Hajjo, babbar ƙwaryar da take tara nono a ciki tun tana amarya. Bayanta ya yi duhu saboda hayaƙi da hannu, cikinta ya yi santsi. Ta tsage ba sau ɗaya ba, kuma duk tsagar Baba Tanko ne ya ɗinke. Ya nuna mana ɗinkin da ya yi mata yana saurayi, manya-manya a karkace, da na tsakiyar ƙarfinsa, ƙanana a jere ba ka ce hannu ne ya yi ba, da na baya-bayan nan, inda hannun ya fara rawa. Malama Rabi ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu ta daɗe tana bin ɗinkin da ido. Daga baya ta ce wannan ita za a sa a tsakiyar zauren, daidai idon mai kallo, kuma za a rubuta sunan mai ɗinkin da garinsu a bango.

Baba Tanko ya dube ni, don bai yarda da kunnensa ba.

"Malam Habibu, sunana ta ce? A bango?"

Na ce masa haka ta ce.

"Har da gyartai ɗin za su rubuta?"

Malama Rabi ta ce ai shi ne kan gaba. Tsohon nan ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, ya ce Allah ya yi albarka. Daga ranar abin da ke gabana ke nan: aikin mutumin da aka raina duk tsawon rayuwarsa zai tsallaka teku da sunansa a jiki, kuma a hannuna aka bar amanar.

Ga yadda tsarin irin wannan aiki yake. Kayan aro ne, ba saye ba, za a dawo wa kowace mata da tata bayan an gama. Ana ɗaukar hoton kowace ƙwarya ciki da baya a ranar da aka karɓe ta, don a san yadda take. Sai a naɗe ta a farar takarda a ajiye a wuri mai inuwa, har masu shirya kaya su zo daga Kano da akwatunan da aka ƙera musamman saboda ita. Dokar kuma guda ce: kada a wanke, kada a goge, kada a shafa mai, kada rana ta taɓa. Duhun nan da santsin nan, har da ƙanshin nonon, su ne shekarun da ake son a nuna. Malama Rabi ta faɗi wannan a gaban Alhaji Mamuda, da Hausa ta faɗa ba da Turanci ba, balle a ce wani abu ya ɓace a hanya. Ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta, kamar a hannunta suke. Ta tafi a kan za ta dawo tare da masu akwatu bayan 'yan makonni.

Goggo Hajjo ita ce ta ƙarshen sakin tata. Sai da ta sa na maimaita mata cewa yadda na ɗauka haka zan dawo da ita, ba ƙari ba ragi. Na yi mata alkawari a gaban 'ya'yanta.

Ana saura kamar mako su dawo, masinja ya ce darakta yana nemana a sito. Na same shi ya kwance takardar ƙwarya ɗaya, ya riƙe ta da yatsu biyu nesa da rigarsa.

"Habibu, wannan tarkacen za mu aika wa mutanen duniya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ta zaɓa da kanta."

"Ta zaɓa, na sani. Ita za ta koma inda ta fito, mu ne za a bari da abin faɗa. A ce duk Ƙaraye da Rogo an rasa lafiyayyar ƙwarya? Ka ji warin kuwa?"

Na yi masa bayani daga farko, da ladabi, hannuna a baya. Ya kawo shawarar a je kasuwa a sayo sababbi masu zane a musanya. Na ce ai an riga an ɗauki hoton waɗannan, kuma ɗinkin ake nema. Ya ce to a ɗan goge su kawai. Na ce ko tsumma ba a yarda ya taɓa su ba. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa yaron da boko ya ɓata, sannan ya ce shi ke nan, ya ji. Na naɗe ƙwaryar na mayar, na fito ina ganin an wuce wurin.

Shi kuwa tuni ya shirya biki. Abin da Malama Rabi ta ce za a yi cikin rabin yini, a sa kaya a akwati a tafi, ya zama taro mai kanofi da kujerun haya da lasifika da jawabai. Ana jibi su iso ya tura ni Rogo Ruma in gayyato masu unguwanni in kuma shirya da makaɗa. Mabuɗin sito a dokar ofis a teburin darakta yake kwana. Na tafi, makaɗan suka yi ta ja mini rai, ban dawo ba sai washegari da la'asar.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, warin man nan da kafintoci suke shafa wa gado da kujera don su yi ƙyalli. Na ɗauka kujerun ofis aka yi wa. Ina shan kwana na gan su a jere a kan tabarma, a tsakiyar rana.

Daga baya masinja ya ba ni labarin yadda aka yi, yana ba ni yana alfahari. Ina fita aka kira mata biyu masu shara, aka ba su soso da sabulu da yashi, suka dirje ƙoran ciki da baya har suka yi fari. Aka shanya su. Biyu suka sake tsagewa saboda zafin rana. Aka kira kafinta, ya ga zaren ɗinkin ya yi tudu, ya bi shi da samfefa ya daidaita, ya cike ramukan da garin katako da gam, sannan ya shafe su da man har sau biyu. Ta Goggo Hajjo kuwa, da yake ita ce babba, ita aka fi karramawa. An kira mai rubutun allon shaguna ya rubuta mata da koren fenti, daga wannan gefe zuwa wancan: Gaisuwa daga Ƙaraye da Rogo.

Na tsaya a kansu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin a wurin aiki ba, kuma abin haushin, babu wanda zan rufe da faɗa. Alhaji Mamuda ya fito daga ofis fuskarsa cike da fara'a.

"Ka ga aiki ko? Kuma ban taɓa ɗinkin ba, kamar yadda ka ce. Rufe shi kawai muka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an kashe mu."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce shi daga aljihunsa ya yi wannan hidima, don ya san ofis ba zai iya ba, kuma matsalar yaran yanzu ba su da kishin garinsu. Ya ce in jira in ga yadda matar za ta yi murna. Me zan ce wa mutumin da yake jiran a gode masa? Na koma bayan ofis na kira Malama Rabi na gaya mata. Ta ce suna hanya, za ta gani da idonta.

Da safe Baba Tanko ne farkon isowa. Ya sa babbar riga da ban taɓa ganin sa da ita ba, mutanen Kurugu sun rako shi a mota guda. An jera ƙoran a kan dogon tebur mai farin ƙyalle. Na tare shi da sauri don in shirya masa zuciya, ina tsammanin idan ya ga abin da aka yi wa aikinsa zai yi fushi, in sami abokin baƙin ciki. Ya matsa kusa da teburin, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Malam Habibu, duk saboda ni aka yi wannan?"

Murna yake yi. Bai taɓa ganin an ɗora aikinsa a kan farin ƙyalle ba, bai taɓa ganin an kashe masa ko sisi ba. A wurinsa an yi wa ƙoran abin da ake yi wa duk wanda zai je gaban manya, an yi musu wanka an sa musu kaya. Ya je ya durƙusa ya yi wa Alhaji Mamuda godiya, Alhaji kuma ya waiwayo ya kalle ni. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Malama Rabi ta iso da masu akwatu, makaɗa suka tare ta tun daga titi. Aka zaunar da ita a kujerar gaba, aka yi addu'a, aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, aka yi jawabai. Tana zaune tana hango teburin, ba halin tashi. Sai da rana ta take sannan aka jagorance ta wurin. Ta ɗauki ƙwaryar Goggo Hajjo, ta juya ta, ta bi inda ɗinkin yake da yatsa. Ba abin da yatsan ya ji sai santsi. Ta ajiye ta a hankali, ta ja Alhaji gefe, ni ma na bi su.

Ta ce masa ba za ta iya ɗaukar su ba. Da farko ya ɗauka kawaici take yi, ya ce ai ba komai, nasu ne su yi. Ta sake faɗa. Sai ya ce ko don rubutun da Hausa ne? Mai fentin yana nan kusa, yanzu zai ƙara na Turanci a ƙasa. Ta ce, "Alhaji, abin da na zo ɗauka an kankare shi. Ba ya nan." Nan ransa ya ɓaci. Ya ce su sun yi iya ƙoƙarinsu don su fitar da ita kunya a gaban Turawan da take yi wa aiki, idan abin bai yi mata ba ta faɗa kawai. Duk wannan ana yi, mai lasifika yana can yana sanar da jama'a cewa yau ƙoran yankinmu za su hau jirgi.

Masu akwatu suka mayar da akwatunansu mota yadda suka kawo su. Baba Tanko yana zaune a kujerarsa yana kallo. Malama Rabi ta je ta tsuguna a gabansa ta yi masa bayani. Ya saurare ta da kyau, ya ce, "Ba komai, 'yata. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya tashi ya nemi motar Kurugu, ko abincin taron bai tsaya ci ba.

Mun yi ƙoƙarin ceto abin. Man ya riga ya shiga jikin ƙoran, ƙwarya kuwa tana sha. Kafintan ya ba da shawarar a jiƙa su a kananzir, na roƙe shi don Allah ya tafi gida. A 'yan kwanakin da suka rage wa Malama Rabi mun sake zaga ƙauyukan, amma masu kyaun duk mun riga mun kwashe, sauran gidajen roba ce da silba. Ta nemi gidan tarihin su yarda a rataye hotunan da ta ɗauka, suka ce nunin na abubuwa ne, ba na hotuna ba. A ƙarshe aka cike gurbin da ƙorai daga wata ƙasa.

Ni aka bari da mayar da kaya. Wasu matan, don a ƙara mini haushi, murna suka yi da ƙyallin, wata har ta ce da ta sani da ta ba da biyu. Goggo Hajjo ta karɓi tata, ta shinshina, ta tambaye ni abin da aka rubuta. Na karanta mata. Ta ce nono ba zai kwana a cikin wannan ba, ta kife ta a bayan ɗaki. Ba ta zage ni ba, ba ta tuna mini alkawarina ba. Ta dai shiga ɗaki ta bar ni a tsaye, kuma na fi son a ce zagin ta yi.

Bayan an buɗe nunin na je Kurugu, don tun ranar taron ban sami natsuwa ba. Na sami Baba Tanko a gindin bishiyarsa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Alhaji. Sannan ya rage murya.

"Malam Habibu, tsakaninka da Allah. Ɗinkin ne bai yi musu ba ko?"

Na ce wallahi ba haka ba ne. Na ce ɗinkin shi ne abin da ya kawo Malama Rabi tun daga Turai, man da aka shafa ne ya ɓata komai.

Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya ce shi ma ya yi ta tunanin abin. Ranar farko a ruga ta gan su, cikin duhun ɗaki, da datti a jikinsu, ba ta gani sosai ba. Da aka wanke su aka gyara aka fito da su fili, sai ta ga aikin yadda yake. Ya ce ai Alhaji ya yi iyakar yinsa, ya rufe abin da zai rufu, to idan duk da haka ba su karɓu ba, laifin ba na mai ba ne. Ya ce musamman na ƙarshen nan da hannunsa ya fara rawa, shi kansa ya san bai kamata a nuna wa mutane ba.

Na fito da waya na nuna masa hoton ƙwaryar tun kafin a taɓa ta. Na nuna masa saƙon da Malama Rabi ta turo tana cewa har yanzu ba ta ga ɗinki irin nasa ba. Na yi rantsuwa, na sake yi, har na fara ɗaga murya ga dattijon da ya haife ni, don haushi ya kama ni, nasa da na Alhaji da na kowa. Ya bar ni na gama, ya dafa gwiwata.

"Kai ɗan kirki ne. So kake ka rufa mini asiri. Allah ya rufa naka."

Na koma sau da yawa bayan wannan, amsar ba ta canja ba. Malama Rabi ta aiko in tambaye shi ko zai ɗinka wasu sababbi don wani nunin da ake shiryawa nan gaba. Ya ce in ba ta haƙuri, wadda aikin ƙuruciyarsa bai yi mata ba, na tsufansa ba zai yi mata ba.

Da na shiga aikin nan an koya mini in ji tsoron gara, da ɗigar ruwan sama, da ɓarawo. Babu wanda ya ce mini in ji tsoron mai son garinsa. Alhaji Mamuda har ya yi ritaya yana ganin matar nan wulaƙanta mu ta yi, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Sana'armu ita ce nuna wa duniya abin da mutanenmu suke turawa ƙarƙashin gado idan sun ji sallamar baƙo. Don haka kada ku ɗauka kun gama aiki don kun faɗi doka an amsa muku da to. Ku zauna da duk wanda hannunsa zai iya kaiwa ga kayan, daga darakta har mai shara, sai kun ga ya yarda a ransa cewa abin nan yadda yake haka yake da daraja. Kafin kowa kuma ku zauna da wanda ya yi abin, don shi ne ya fi kowa saurin yarda cewa aikinsa abin kunya ne.

Baba Tanko yana nan da ransa. Idan aiki ya kai ku Kurugu ku tsaya ku gaishe shi, yana son baƙi. Zuwana na ƙarshe ina zaune wata mata ta zo da ƙwaryarta ta tsage a baki, ɗan aikin da zai gama kafin ta gama gaisawa da matan gidan. Ya karɓa ya duba tsagar, ya miƙa mata abarta, ya ce ta bari ranar kasuwa ta sayi roba.